Wa ke ƙirga makaman Iran da na Hizbullah, kuma me ya sa masu ƙirgar ke shan mamaki?

Tambaya: Malam, kullum muna ji a rediyo ana cewa Hizbullah na da rokoki 150,000, Iran na da makamai masu linzami dubu kaza, 'yan Huthi sun samu sabon makami. Wa ya shiga rumbunsu ya ƙirga? Kuma in har Isra'ila da Amurka na ganin komai haka, yaya aka yi Hamas ta shammace su ranar 7 ga Oktoba?

Amsa: Ɗan'uwa, babu wanda ya shiga rumbun ya ƙirga. Adadin nan na 150,000 ƙiyasi ne da ya fito daga bakin jami'an Isra'ila da Amurka, aka yi ta nanata shi har ya zauna a kunne kamar an auna shi da mudu. Kafin yaƙin 2024, masu binciken da ke taka-tsantsan sukan ce tsakanin 120,000 ne da 200,000. Ka ga tazarar da ke tsakani kaɗai ta fi ƙarfin rumbun makaman ƙasashe da yawa. Sannan mafi yawan abin da ake ƙirgawa a ciki gajerun rokoki ne marasa saiti, irin su Katyusha, da ba sa wuce kilomita 20 zuwa 40. Waɗanda ke hana janar-janar barci su ne 'yan ƙalilan masu saiti, irin Fateh-110 mai tafiyar kusan kilomita 300, wanda za a iya auna tashar wutar lantarki guda da shi a same ta. Na Iran kuwa, adadin da aka fi yawo da shi ya samo asali ne daga Janar Kenneth McKenzie, kwamandan sojin Amurka a Gabas ta Tsakiya a lokacin, wanda ya shaida wa majalisar dattawan Amurka a Maris 2022 cewa Iran na da makamai masu linzami fiye da 3,000.

Yadda ake haɗa irin wannan lissafi bai da bambanci sosai da yadda ɗan kasuwar Dawanau ke sanin abin da ke cikin sito ɗin abokin hamayyarsa. Ba a buɗe masa ƙofa ba, amma ya ga tireloli nawa suka sauke, ya san girman ɗakin, ya ji daga bakin 'yan dako kwana nawa suka yi suna jido, ya kuma lura da buhu nawa ya fita. Sai ya tara ya ɗebe. Haka ake yi wa ƙasa: abin da ta saya, da abin da masana'antunta ke iya ƙerawa a wata, a cire abin da ta harba ko aka lalata mata. Akwai cibiyoyin da wannan ne aikinsu a bainar jama'a, kamar IISS ta Landan mai fitar da kundin ƙarfin sojojin duniya duk shekara, da SIPRI ta Stockholm da ke bin diddigin cinikin makamai tun 1966. Hukumomin leƙen asiri na yin irin lissafin ne da kayan aikin da suka fi na waɗannan, amma su ma lissafi ne.

Ido na farko a sama yake. Kafin taurarin ɗan'adam, an sha yi wa manyan ƙasashe wasa da hankali. A 1955, a bikin sojin sama na Mosko, Tarayyar Sobiyet ta sa jiragen yaƙinta manya suka wuce ta gaban baƙi, suka zagayo suka sake wucewa, 'yan kallo daga Yamma na ƙirga su a matsayin sababbi. Amurka ta tsorata, ta zuba kuɗi ta ƙera nata jiragen don cike giɓin da babu shi. Sai a Agusta 1960 tauraron Corona ya fara jefo fim ɗin hotuna daga sararin samaniya, jirgi ya cafke shi a iska, aka ƙara tabbatar da cewa abin da Sobiyet ke da shi bai kai yadda ake tsoro ba. Yau kuwa hoton da ke nuna abu mai faɗin santimita 30 kamfanoni ne ke sayarwa, irin su Maxar, wasu kuma kamar Planet suna ɗaukar hoton kusan duk faɗin ƙasa kullum. Na Sentinel na Turai ma kyauta ne, duk da bai kai waɗancan fitowa ba. Wani abin da ba kowa ya sani ba: tun 1997 wata dokar Amurka ta hana kamfanonin ƙasar sayar da hoton Isra'ila mai fitowa sosai, sai a 2020 aka sassauta. Wato shekaru sama da ashirin ana kallon kowa tar, ita kuma ana ganinta dishi-dishi.

Karanta hoton nan sana'a ce. Ɗauki masana'antar daskararren man makami mai linzami. Daga sama za ka ga gine-gine a warwatse, kowanne an zagaye shi da tudun ƙasa kamar ganuwa, da ƙofa guda ta shiga. Dalili shi ne man na iya fashewa, in ɗaki ɗaya ya tashi kada ya ja na kusa da shi. Masana'antar siminti ko ta taliya ba ta bukatar wannan. Don haka da masu bincike suka ga sababbin gine-gine masu ganuwa na ƙaruwa a Khojir, gabas da Tehran, suka ce Iran na faɗaɗa ƙera makamai, ba tare da wani ya tsegunta musu ba. Daga irin wannan kallo ne ake gano maƙogwaron aikin. Makami mai daskararren mai ba ya yiwuwa sai da wasu manyan injinan cuɗa man, masu tsada da wuyar samu. A harin da Isra'ila ta kai wa Iran ranar 26 ga Oktoba 2024, gine-ginen da ke ɗauke da waɗannan injina na cikin abin da aka ruwaito ta auna. Wanda ya san inda igiya ta fi siranta ba sai ya yanka ta ko'ina ba.

Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Na taɓa zama da ɗalibaina muna duba hoton wani fili, muka kusan cinye awa guda muna gardama a kan wasu dogayen abubuwa shida da aka jera a gefen wani gini. Ni da kaina na auna inuwarsu, na ce tsawonsu ya dace da na makami. Da muka nemo hoton wurin na watanni uku baya, sai ga ramin da aka haƙa don binne su. Bututun ruwa ne. Tun ranar na daina yanke hukunci da hoto guda, sai na jera na watanni na ga me ya canja. Iran kuma ta san ana kallonta. Tun 2015 take nuna ramukan da ta haƙa cikin duwatsu ta jera makamai, tana kiransu biranen makamai. Tauraro na ganin bakin ramin da tarin ƙasar da aka fitar, daga nan a ƙiyasta zurfinsa, amma abin da ke ciki sai dai zato. Cibiyar tace yuraniyom ta Fordo, kusa da Ƙum, a ƙarƙashin dutse take. Da Amurka ta jefa mata bama-bamai ranar 22 ga Yuni 2025, Trump ya ce an shafe ta, rahoton farko na hukumar leƙen asirin ma'aikatar tsaronsa kuma ya ce watanni kawai aka mayar da shirin baya. Hotuna sun nuna jerin manyan motoci a bakin wurin kwanaki kaɗan kafin harin, aka shiga gardamar ko kwashe kaya suka yi ko toshe ƙofa. Yuraniyom ɗin da aka tace zuwa kashi 60 cikin 100, kilo sama da 400, an san nauyinsa ne kawai saboda sufetocin hukumar nukiliya ta duniya sun kasance suna shiga suna aunawa da hannunsu. Da aka rufe musu ƙofa bayan harin, tauraro bai iya maye gurbinsu ba.

Ita ma mai makaman takan ƙara gishiri. A Yuli 2008 kafar labaran dakarun juyin juya hali na Iran ta fitar da hoton makamai huɗu na tashi lokaci guda, manyan jaridun duniya suka buga a shafin farko, daga baya aka gano uku ne suka tashi, na huɗun da kwamfuta aka liƙa shi. A 2013 aka nuna jirgin yaƙi mai suna Ƙaher-313, masana suka duba ɗakin matuƙin suka ce wannan ba abin tashi ba ne. Kada ka yi dariya da yawa, domin wannan ƙasar ce dai ta harba makamai kusan 180 a daren 1 ga Oktoba 2024, kuma masu duba hotuna suka ƙirga ramuka fiye da 30 a sansanin sojin sama na Nevatim da ke Isra'ila. Mai sa ido na fama da ƙarya iri biyu: wadda ke kumbura abu da wadda ke ɓoye shi, kuma sau da yawa daga baki ɗaya suke fitowa.

Bayan ido sai kunne, wato sauraron waya da oba-oba da kutse cikin kwamfuta, aikin da runduna ta 8200 ke yi wa Isra'ila, NSA ke yi wa Amurka. Bayan kunne kuma sai mutum, wanda har yau babu na'urar da ta kai shi. A Janairu 2018 jami'an Mossad suka fasa wani sito a kudancin Tehran cikin dare suka kwashe takardun shirin nukiliyar ƙasar. A Nuwamba 2020 aka kashe babban masanin nukiliyar ƙasar, Mohsen Fakhrizadeh, a kan hanya. A Yuli 2024 aka kashe shugaban Hamas, Isma'il Haniyya, a masaukin baƙin gwamnati cikin Tehran. Ba a yin irin waɗannan daga sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsohon ministan leƙen asirin Iran, Ali Yunesi, ya faɗa da bakinsa a 2021 cewa kutsen ya kai matsayin da ya kamata jami'an ƙasar su ji tsoron rayukansu.

To, duk wannan a kan ƙasa ne, mai kasafin kuɗi da barikoki da faretin shekara-shekara. Ƙungiyoyin da take ɗaure wa gindi sun fi wuyar bi nesa ba kusa ba. Ma'ajiyarsu gareji ne ko ƙarƙashin gida, sojansu da rana makanike ne ko malamin makaranta. A nan sai a koma bin sawu.

Sawun farko tarkacen makami ne. Ranar 4 ga Nuwamba 2017 'yan Huthi suka harba makami zuwa filin jirgin saman Riyad, suka ce Burkan-2H ne, ƙirar Yaman. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka je suka duba gutsattsarin. Sun ga jikinsa babu fikafikan gindi irin na tsofaffin Scud da Yaman ta gada, siffar da ta dace da Ƙiyam-1 na Iran. Sun ga tambarin wata masana'antar Iran a jikin wani ƙarfe. Sun kuma ga walda iri biyu: wata mai tsabta ta masana'anta, wata kuma ta gaggawa, mai kauri, irin ta bakin hanya. Wannan waldar ta biyu ita ce ta ba da labarin duka, domin tana nufin an yanka makamin gunduwa-gunduwa, aka yi fasa-ƙwaurinsa, aka sake haɗa shi a Yaman. A Janairu 2018 suka rubuta cewa Iran ta saɓa wa takunkumin makamai na ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2216 saboda ta gaza hana kayan isa can. Ka lura da lafazin: ba su ce sun ga wanda ya ɗora kayan ba, iyakar abin da ƙarfe ya shaida suka faɗa. Haka ƙungiyar Conflict Armament Research ke yi da jirage marasa matuƙa: a kwance su, a rubuta lambar masana'anta ta kowane ƙaramin sashe, in lambobin da aka tsinta a Yaman suka bi layi ɗaya da waɗanda aka tsinta a Iraƙi, an san daga shago guda suka fito.

Sawu na biyu hanya ce. Ana tare jiragen ruwan katako a tekun Larabawa ana samun bindigogi da sassan makamai a ƙarƙashin kaya, kuma aikin na cin rai, don a Janairu 2024 sojojin ruwan Amurka biyu sun mutu wajen hawa irin wannan jirgi a gabar Somaliya. Hanyar ta taɓa ratsowa ta gefenmu. A Oktoba 2010 aka buɗe kwantena 13 a tashar Apapa da ke Legas, takardunsu na cewa kayan gini ne, aka tarar da rokoki da gurneti da harsasai da aka ɗoro daga Bandar Abbas, ana shirin wucewa da su Gambiya. Gambiya ta yanke hulɗa da Iran a watan da ya biyo baya, Senegal ta bi sahu a farkon 2011, kotu a Legas kuma ta ɗaure wani ɗan Iran shekara biyar a 2013. Sudan ma ta daɗe tana cikin lissafin: an kai wa ayarin motoci hari a gabashinta a 2009, masana'antar Yarmuk ta Khartum ta tashi da wuta a Oktoba 2012, Khartum ta ɗora laifin a kan Isra'ila.

Sawu na uku shi ne ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara wannan karatu: jana'iza. Da Hizbullah ta shiga yaƙin Siriya gadan-gadan, musamman daga yaƙin Ƙusair a 2013, sai gawarwaki suka fara dawowa ƙauyukan kudancin Labanan da Beƙa'a. Kowane mamaci ana buga hotonsa da sunansa da garinsu, wani lokacin har da inda ya faɗi. Mai haƙuri da littafi da biro zai iya tara waɗannan ya san wane ƙauye ke ba da mayaƙa, wace runduna ce ke wane fage. Hoton jana'izar kuma na nuna wanda ya zo ta'aziyya, da wanda ya tsaya a sahun gaba, da wanda ake ba hanya. Ƙungiyar da ta yi shekaru talatin tana rufe bakinta sai ga shi girmama matattunta na tona ta. Ƙari a kan haka, a Siriya ta ɗebi sababbin mutane da yawa, ta yi cuɗanya da jami'an gwamnatin da cin hanci ya ratsa. Abin da aka tara a waɗannan shekaru shi ya fito fili a 2024. A Fabrairu shugaban ƙungiyar, Hassan Nasrallah, ya gargaɗi mabiyansa cewa wayar hannu ɗan leƙen asiri ce, a kulle ta a akwati. Suka koma ga 'yar na'urar karɓar saƙo da ake kira feja, ashe an riga an dasa abin fashewa a cikinta tun kafin ta iso. Ranar 17 ga Satumba dubbai suka tashi lokaci guda, suka jikkata mutum kusan 2,800, cikin waɗanda suka mutu har da yara biyu. Washegari oba-oba suka bi. Kwana goma bayan na farkon aka kashe Nasrallah kansa a unguwar Dahiya da ke kudancin Beirut. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai dai sanin abin da ƙungiya ke riƙe da shi daban, sanin wa ke juya ta daban, kuma a nan ne nake yawan saɓawa da masu sharhi. Ana magana kamar Tehran na da maɓalli guda da in ta danna kowa zai tashi. Hizbullah ce ta fi kusa da wannan siffa, Nasrallah ma ya faɗa a 2016 cewa kuɗinsu da cinsu da shansu da makamansu daga Iran suke. 'Yan Huthi kuwa Zaidiyya ne masu rikicinsu na gida da ya girmi ƙawancen, suna karɓar makami amma ba kullum suke karɓar umarni ba. Ƙungiyoyin Iraƙi irin su Kata'ib Hizbullah suna cikin Hashdus Sha'abi, wadda doka ta mayar ɓangaren jami'an tsaron ƙasa a 2016, wato albashi daga Bagadaza, biyayya kuma a rabe. Hamas 'yan Sunna ne, sun bar Dimashƙa a 2012 saboda sun ƙi goyon bayan Assad, dangantaka ta yi tsami shekaru kafin a gyara. Janar Ƙasim Sulaimani na Iran, kwamandan rundunar Ƙudus, ya riƙe wannan taro ne da sanayya ta ƙashin kansa da Larabcin da yake ji, kuma tun da aka kashe shi a filin jirgin Bagadaza ranar 3 ga Janairu 2020 riƙon ya sassauta. Dubi abin da ya faru a Janairu 2024: jirgi maras matuƙi ya kashe sojojin Amurka uku a wani sansani a Jodan, kwana biyu bayan haka Kata'ib Hizbullah ta sanar da dakatar da hare-hare, aka kuma ruwaito cewa magajin Sulaimani, Isma'il Ƙa'ani, ya je Bagadaza ya ja musu kunne. A fahimtata, Iran ta fi iya taka musu birki fiye da riƙe musu sitiyari. Wanda ya ɗauke su a matsayin jiki guda zai tara makamansu wuri ɗaya ya tsorata fiye da kima, wanda kuma ya ɗauke su 'yan gaban kansu zalla zai rasa gane daga ina sabon makami ya ɓullo. Isra'ila ta ɗanɗana wannan na biyun ranar 14 ga Yuli 2006, lokacin da makamin C-802 ya sami jirgin ruwan yaƙinta Hanit a gabar Beirut ya kashe sojoji huɗu. Na'urar kariyar jirgin ba a kunne take ba, don ba a yarda Hizbullah na da irin wannan makami ba.

Yanzu ga 7 ga Oktoba 2023. Amsar da za ta ba ka mamaki ita ce sun gani. Fiye da shekara guda kafin harin, sojin Isra'ila na riƙe da takardar shirin Hamas mai shafi kusan 40, wadda suka laƙaba wa suna Katangar Jeriko. A ciki akwai ruwan rokoki, da jirage marasa matuƙa da za su makantar da kyamarorin shinge, da mayaƙa a kan babura da lema mai inji. Kusan yadda aka rubuta haka aka aikata. A Yuli 2023 wata ma'aikaciyar runduna ta 8200 ta rubuta cewa atisayen da Hamas ta yi ya yi daidai da takardar, wani babba ya ce mafarki ne, ba su da ƙarfin yin haka. 'Yan matan sojan da aikinsu shi ne zura wa allon kyamara ido a bakin shinge sun yi watanni suna kai rahoton abin da suke gani: ana atisayen kama tanka, ana gwajin fasa shinge, baƙin fuskoki na zuwa suna nazarin katanga. A daren harin ma an ga alamu, har manya suka yi shawara ta waya, suka bar maganar zuwa safiya.

Abin da ya toshe kunnuwa shi ne an riga an yanke hukunci cewa Hamas ta ji tsoro tun yaƙin 2021, yanzu mulkin Gaza da kuɗin Ƙatar da takardun izinin aiki a Isra'ila ne a gabanta. Ga kuma shingen da aka kammala a Disamba 2021, mai tsawon kilomita 65, da ya ci fiye da dala biliyan ɗaya. Mutumin da ya kashe wannan kuɗi ba ya son jin cewa katafila za ta ture shi. Duk labarin da ya shigo sai a auna shi da wancan hukunci, in bai dace ba a ce burga ce. Shugaban Hamas a Gaza, Yahya Sinwar, kuma ya fahimci haka, ya riƙa ciyar da su abin da suke son ji, ya tsare ainihin ranar a tsakanin mutane ƙalilan. Hatta hukumomin Amurka sun ce alamu sun nuna manyan Iran ma sun sha mamakin lokacin. Kwana takwas kafin harin, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, Jake Sullivan, yana cewa Gabas ta Tsakiya ba ta taɓa yin shiru irin haka ba cikin shekaru ashirin. Aka kashe kusan mutum 1,200, aka kama kusan 250, sannan yaƙin da ya laƙume rayukan dubun-dubatar Falasɗinawa a Gaza ya biyo baya, wanda nauyinsa ya fi ƙarfin a tattauna shi a gefen wannan amsa.

Abin takaicin ga masu wannan sana'a shi ne an taɓa yin irinsa, shekara hamsin cif da kwana ɗaya. A 1973 shugaban leƙen asirin sojin Isra'ila, Eli Zeira, ya kafe cewa Masar ba za ta yi yaƙi ba sai ta samu jiragen da za su kai hari cikin Isra'ila, Siriya kuma ba za ta shiga ita kaɗai ba. Sun ga sojoji da gadojin tsallaka ruwa na taruwa a bakin Suwez, suka ce atisaye ne, don Masar ta saba musu da yin haka. A watan Mayu na shekarar an yi shirin ko-ta-kwana mai tsada, yaƙi bai zo ba, sai maganar Zeira ta ƙara nauyi. Masarawa har sanarwa suka buga a jarida cewa hafsoshi na iya neman izinin tafiya Umara, ga shi kuma watan azumi ne. Sarki Husaini na Jodan ya je da kansa ya gargaɗi firaministar Isra'ila, Golda Meir, ranar 25 ga Satumba. Ashraf Marwan, surukin tsohon shugaban Masar Nasser, ya gaya wa shugaban Mossad a Landan daren 5 ga Oktoba cewa gobe ne. Ranar 10 ga Ramadan, wato 6 ga Oktoba, da misalin ƙarfe biyu na rana, sojojin Masar suka tsallaka. Kuskuren kan juya ta ɗaya gefen ma: a 2003 Amurka ta riga ta yanke cewa Saddam na da makaman ƙare dangi, sai kowace tirela ta zama ɗakin haɗa guba, aka gina hujja a kan maganar wani ɗan gudun hijira a Jamus da daga baya ya amsa cewa ƙirƙira ya yi. Sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, ya kai wannan gaban Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairu, aka shiga Iraƙi, ba a samu komai ba.

Za ka iya tambaya, to me ya sa hukumomin da Hamas ta shammata su ne dai suka ratsa Hizbullah haka? Domin Hizbullah ta ba su kashi a 2006, sai suka ɗauke ta da muhimmanci, suka yi shekara goma sha takwas suna zuba mata mutane da kuɗi. Hamas kuwa an raina ta. An ma ruwaito cewa kusan shekara guda kafin harin an daina sauraron oba-obar mayaƙanta, wai ɓata lokaci ne.

Don haka in ka sake jin adadi a rediyo, ɗan'uwa, ka fara da tambayar wa ya faɗa kuma a wace shekara, domin mai neman majalisa ta ƙara masa kasafi da mai neman tsorata maƙwabci duk suna son lambar ta yi girma. Ka tambayi wane iri ne, mai saiti ko maras saiti. Ka tambayi motocin harbawa nawa ne, don makami dubu da motar harbawa ɗari ba ya tashi sai ɗari-ɗari, shi ya sa a yaƙin kwana 12 da ta yi da Iran a Yuni 2025 Isra'ila ta fi farautar motocin, ita ma kuma ana ƙirga mata makaman kakkaɓo nawa suka rage. Ka tambayi ta wace hanya ake cike gurbin abin da aka harba, domin faɗuwar Assad ranar 8 ga Disamba 2024 ta yanke wa Hizbullah hanyar ƙasa daga Iran, kuma hukumomin da ke ƙirga rokoki ɗaya-ɗaya ba su hango cewa gwamnatin za ta rushe cikin kwana goma sha ɗaya ba.

Bayan 1973 sojin Isra'ila sun kafa wani ɗan ofis a cikin hukumar leƙen asirinsu wanda aikinsa kawai shi ne ya musanta ra'ayin manya, ya rubuta akasin abin da kowa ya yarda da shi. Ofishin yana nan a 2023. Shugaban hukumar, Aharon Haliva, ya ajiye aiki a Afrilu 2024 yana mai amsa cewa sun gaza. 'Yan matan nan masu kallon allo a sansanin Nahal Oz kuwa, da yawansu ba su da ko bindiga a hannu da safiyar ranar. An kashe fiye da goma daga cikinsu, aka tafi da bakwai Gaza.